Togo: Wa zai riƙe tashoshin hasken rana na Sokode da Dapaong?

Gwamnatin Togo ta ɗau alkawarin kai wa kowa wutar lantarki nan da 2030, kuma hasken rana na cikin abubuwan da ta fi dogaro da su. Bayan tashar Blitta mai megawat 50 da aka buɗe a 2021, an tsara wata a Sokode tare da kamfanonin Meridiam da EDF na Faransa, sai ta Dapaong wadda Bankin Duniya ke tallafa wa.

Kuɗi da kayan aiki daga waje suke zuwa. Abin da ke da wuyar samu shi ne injiniyan da ya goge, wanda zai zauna ya kula da na'urorin bayan 'yan kwangila sun tattara nasu-ya-nasu. Makarantar fasaha ta Sokode da Jami'ar Kara suna yaye matasa, amma takarda daban, gogewa daban. Wanda ya ƙware kuwa Lome ke janye shi, can manyan kamfanoni da tashar jiragen ruwa suke.

Lamarin Dapaong ya fi tsanani. Garin na da nisan sama da kilomita 600 daga Lome, kuma yankin Savanes na ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun watan Yunin 2022, bayan harin Kpekpakandi. Da wuya magidanci ya kwaso iyalinsa zuwa can saboda albashi kaɗai.

Idan inbata ta lalace a jira mai gyara daga Lome, tela da mai injin niƙa da mai sayar da ƙanƙara a zango ne za su yi asarar cinikin kwanakin.