Ku Daina Ɗora Wa Nono Laifin Maganin Da Bai Yi Aiki Ba

Duk wanda ke shiga kasuwannin Kura da Bunkure ya san muryar mai lasifika. Zai ba ka ƙullin maganin basir ko shawara, ya ce kada ka kusanci nono har kwana bakwai. Taku goma gaba, wani zai ba ka garin maganin ciwo iri ɗaya, ya ce sai an dama da madara yake aiki. Ran da ka koma ka ce ba ka ga sauƙi ba, tambaya ɗaya ce: "Ka sha fura?" Shi ke nan, laifi ya koma kanka. A ƙasar da rabin abincin rana fura da nono ne, wannan dabarar tsere wa tuhuma ce kawai.

Gaskiya ne madara tana taɓa wasu magunguna, amma kowanne da dalilinsa. Ɗauki bagaruwa. Majeman Kano suna jeme fata da ita ne saboda sinadarin baurin da ke cikinta yana kama furotin. Madara kuwa cike take da furotin, don haka idan aka haɗa su, baurin zai kama madarar tun a cikin kofi. Abin da ke faruwa ke nan idan ka zuba madara a shayi ka ji ɗacinsa ya kwanta. Haka zogale da mata ke sha don ƙarin jini: kalsiyam ɗin madara yana rage sinadarin ƙarfen da hanji zai tsotsa a wannan zaman, lemon tsami da tumatir kuma suna ƙara shi. A magungunan asibiti ma, tetirasaikilin da sifuro ba a haɗa su da madara, ana ba da tazarar aƙalla awa 2.

To amma akwai inda madara ke taimakawa. Coartem, wanda ɗaya daga cikin sinadaransa ya samo asali daga tsiron Artemisia na ƙasar Sin, binciken da ya kai Tu Youyou ga kyautar Nobel a 2015, ana so a sha shi da madara ko abinci mai maiƙo, domin jiki ya fi karɓarsa. A yankin da ruwan Tiga ke kwance a gonakin shinkafa rani da damina, sauro ba ya hutu. Uwar da aka tsorata da cewa "madara tana karya magani" za ta hana ɗanta mai zazzaɓi abin da zai sa maganin ya yi aiki, ta kuma hana shi abincin da zai tashe shi.

Mafi muni, wannan imanin ya haifi wani: tunda madara tana karya magani, ai za ta karya guba. Shi ya sa mai feshin tumatir a Kadawa ke gama aiki ba takunkumi, ya kwankwaɗi gwangwanin madara ya ce ya wanke ciki. Madara ba makarin fiya-fiya ba ce. Wanda ya haɗiya ko ya shaƙa har yana gumi da dalalar miyau, asibiti za a nufa da shi nan take, a tafi da kwalbar maganin.

Wani zai ce kakanninmu sun san abin da suke yi. Na yarda, kuma masanan gaskiya a cikin masu maganin gargajiya suna nan. Amma mai sani zai faɗa maka sunan itacen, da awon da za ka sha, da tsawon tazarar. Wanda ya ɓoye abin da ya daka, kwalbarsa ba lambar NAFDAC, sannan ya kafa wa nono doka ta mako guda, hanyar gudu yake share wa kansa.

Kafin ka miƙa kuɗinka, ka tambaye shi: mene ne a ciki, kuma me madara za ta yi masa? In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka ka saya wa yara nono. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.