Hantar Talaka Ba Ta Da Gata Ne?

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, kowace ranar kasuwa ga mota nan da lasifika a ka, ana ta ihu wai kwalba guda tana maganin basir da shawara da taifot da sanyin mara. Haba jama'a! Wace irin kwalba ce wannan da ta fi asibiti duka?

Abin da mai lasifika ba ya faɗa shi ne, duk abin da ka haɗiye, daga hanji hanta yake nufa, ita ce mai tace shi. In da dafi a ciki ita ke fara sha. Hanta kuwa ba ta da ƙorafi. Sai ta ci wuya sannan ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, ciki ya kumbura. A lokacin nan mai mota ya daɗe da barin gari.

Suna cewa ai itace ne, ba ya cutarwa. To, tunya ma ba itace ba ce? A 1954 likitoci a Jamaika suka bayyana ciwon toshewar jijiyoyin hanta ga yaran da ake ba shayin ganyayen daji. A 2009 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a su daina shan Hydroxycut, maganin rage ƙiba mai haɗin ganyaye, bayan rahoto 23 na lalacewar hanta, har da mutum guda da ya mutu. In haka ta faru inda ake da awo, ina ga jarkar da ba ta da ko suna?

Ga wani abin tsoro. Binciken da gwamnatin Nijeriya ta yi a 2018 ya nuna cikin manya 100, wajen 8 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, da yawa ba su sani ba. Mai irin wannan hanta in ya ɗora mata jiƙon da ba a san ma'auninsa ba, ya ƙara wa Barno dawaki ke nan.

Ba da masu maganin gargajiya na gaskiya muke faɗa ba, waɗanda suka gaji sana'ar, aka san gidansu. Da 'yan ci-da-ceto muke, da kuma hukuma. Tun 1993 aka kafa NAFDAC domin wannan aiki. Mai karɓar kuɗin kasuwa ba ya kuskuren mai tallan gyaɗa, amma wa ya taɓa ganin an buɗe kwalbar mai lasifika an auna? Babban mutum in idonsa ya canja, jirgi zai hau. Talaka kuwa tsadar asibiti ce ta tura shi gindin mota.

Saboda haka muna neman abu uku. A hana tallan maganin da ba shi da rajista. A tilasta rubuta abin da ke cikin kowace kwalba da Hausa. A sauƙaƙa wa talaka gwajin jinin hanta a asibitin kusa da shi.

Ku kuma 'yan'uwa, kada ku sha abin da ba ku san haɗinsa ba, kada ku gwama shi da ƙwayar asibiti ba da sanin likita ba. Wanda ya ga idonsa ya sauya, ya ajiye kwalba ya tafi asibiti a ranar, ya kuma tafi da kwalbar. Hanta ɗaya Allah ya ba kowa, ba a sayar da ita a kasuwa.