Mai son mota daban, mai ganganci da mota daban

Wata takwas ke nan da aiki ya dawo da ni Kaduna daga Kano. Duk wanda ya taɓa sauya jiha ya san abin da ake fara nema: gidan haya, makarantar yara, masallacin unguwa. Ni kuwa har da na huɗu, wato ina masu son mota suke zama a garin nan?

Ina da wata tsohuwar Marsandi 190, ta girmi da yawa cikin masu karanta rubutun nan. A Kano ba ni da fargaba. Na san layin da zan shiga a Ƙofar Ruwa in samo kayan gyara, na san bakaniken da zai saurari ƙarar injin ya faɗa mini ciwonta tun bai buɗe bonet ba. Da na zo Kaduna sai na koma ɗan koyo.

Satina biyu wani abokin aiki ya saka ni a guruf ɗin WhatsApp na "masu mota". Ranar Lahadi da la'asar na je inda suke haɗuwa. Jama'a, abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Titi ne da mutane ke bi, an tare shi da motoci, matasa suna ta kwana suna ƙona taya, 'yan kallo sun yi da'ira ba shinge ba komai, har da yara ƙanana a sahun gaba. Wata mota ta ƙwace wa direbanta ta yi awon gaba da baron wani mai rake. Allah ne Ya tsare, bawan Allah ya yi tsalle ya tsira da ransa, amma jarinsa ya watse a ƙasa. Mutane kuwa sai shewa, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Ban jira magariba ba na kama gabana.

Har na yanke ƙauna, na ce shi ke nan Kaduna ba ta da abin da nake nema. Sai ran nan neman wani ƙaramin ƙarfe ya kai ni Panteka. Wani dattijo ya dubi motar, ya dube ni, ya ce, "Yaro, ka zo gareji kaza ranar Asabar." Can na tarar da majalisar gaske. Akwai dattawan da suka yi aiki a kamfanin haɗa Fijo na Kakuri, wanda ya fara fitar da mota tun 1975, wasunsu har yau suna riƙe da 504 tsaf kamar jiya aka sayo ta. Akwai ma'aikata, akwai 'yan kasuwa, akwai samari masu BMW. Ana shan shayi ana musu kan injin, ana koya wa yara yadda ake gane fulogin da ya mutu. Suna da asusu: in motar ɗan'uwa ta lalace a hanyar Zariya cikin dare, akwai wanda zai tashi ya je. Su suka nuna mini mai fentin kirki, su suka zaunar da ni suka karanta mini dokokin hanya na jihar, don wanda ya saba da KAROTA sai ya sake koyon zama da KASTLEA.

To ga inda nake son zuwa. Taro na farko shi kowa ke gani, don shi ke da ƙara da hayaƙi da bidiyo. Na biyu sai an kai ka. Shi ya sa baƙo, musamman matashi da ya zo karatu ko bautar ƙasa da motar babansa, yake faɗawa na farko, don shi ya fara buɗe masa ƙofa. Shi ya sa kuma da an ce "ƙungiyar masu mota" sai iyaye su tuna ayarin ɗaukar amarya da ake wasa da rayuka a cikinsa. Wake ɗaya ya ɓata gari.

Abin da aka saba shi ne, in an yi hatsari a yi ta Allah wadai, hukuma ta hana, a yi shiru wata biyu, sannan a koma wani titin. Hani kaɗai bai taɓa kashe sha'awa ba. Ku dubi Afirka ta Kudu. Wasan juya mota a titunan Soweto ya taso, shekara da shekaru ana kallonsa a matsayin aikin 'yan daba. Daga baya aka karɓe shi a matsayin wasa mai doka, aka mayar da shi fili mai shinge, da tikitin shiga da masu sa ido. Mu ma me zai hana? A ware fili a bayan gari, a sa shinge, a tanadi motar asibiti, kowane direba ya nuna lasisi ya sa hular kwano. Wanda kuma aka kama yana yi a titin jama'a bayan haka, a hukunta shi ko ɗan wane ne.

Na san wani zai ce, "Malam, ana fama da abin da za a ci, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wasu sun jingine motocinsu, kai kana zancen wasa." Gaskiyarka. Ni ma ba cewa na yi a ɗebi kuɗin talakawa a gina wa 'ya'yan masu hali wurin wasa ba, masu abin su biya da aljihunsu. Amma ka tuna wanda ake bugewa a titin ba ɗan mai hali ba ne. Mai rake ne, ɗan acaɓa ne, almajiri ne. Ka kuma tuna mai walda da mai faci da mai fenti duk a jikin motocin nan suke ci.

Ku ma dattawan majalisa akwai naku laifin. Kun rufe kanku a gareji kuna cewa yaran zamani ba sa ji. Wa ya kira su? Yaron da ya iya juya mota haka yana da hannu, mai nuna masa hanya ya rasa.

Kai kuma da ka sauka sabon gari da motarka, kada ka yi gaggawa. Ka fara da bakanike da masu sayar da kayan gyara, su suka san kowa. In aka gayyace ka taro, ka duba abu biyu: a ina ake yi, kuma in wani ya ji ciwo wa zai tsaya? In amsar ita ce kowa ya gudu, to ka riga su tafiya.

Mutanen Abuja, Jos, Sakkwato da sauran wurare, yaya abin yake a wajenku? Allah Ya tsare mu da ƙarfen nasara.