Ɗan Sintiri Ba Alƙali Ba Ne

Daren Laraba, wajen ƙarfe 11, ina dawowa daga karatu na tarar da 'yan sintirin layinmu a Apo sun ɗaure wani yaro ɗan jari-bola a jikin turken wuta. Wai sun ga murfin janareta a buhunsa. Sun sa shi tsallen kwaɗo, sun zane shi da wayar wuta. Na wuce ban ce uffan ba, don su ke buɗe min ƙofar layi in na yi dare. Wallahi har yanzu abin yana ci na.

Da safe sai ga bidiyon a zaurenmu na WhatsApp, ana ta dariya. Mu ɗin nan fa da muka cika Facebook da kuka a watan Maris 2025 kan Uromi. Ku tuna yadda aka yi: 'yan banga suka tare motar mafarautan da suka taso daga Fatakwal za su Kano yin Sallah, suka ga bindigogin farauta, suka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe mutum 16. Babu kotu, babu shaida. Tsakanin Uromi da layinmu, fetur da ashana ne kawai ba a kawo ba.

Kada wani ya ce na raina sintiri. Ni ma ina biyan kuɗinsa duk wata. Mutum ya kwana a waje da tocila da gora, sauro na cin sa, don mu yi barci, ai ya cancanci godiya. Ba mu manta da abin da 'yan Ƙato da Gora suka yi wa Maiduguri tun 2013 ba.

Amma aikin yana da iyaka. Ɗan sintiri ido ne da kunne: ya san baƙuwar fuska, ya busa usur, ya kira 'yan sanda, ya ba da shaida. Dokar shari'ar manyan laifuka ta 2015, wadda ke aiki a Abuja, ta yarda farar hula ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Iyakarta ke nan. Sashe na 34 na tsarin mulki ya hana azabtarwa, sashe na 36 kuma ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Bulala, tara, ɗauri a turke, duk babu su a ciki.

Na san amsar: “In aka kai shi caji ofis, gobe za ka gan shi a gari.” Yana faruwa, ban musa ba. To amma wane ne cikinmu ya taɓa bin ƙara, ya je ya rubuta bayani, ya tsaya shaida a kotu? Duka ya fi sauƙi, shi ya sa muke son sa.

Kuma mazaunin Apo ne ya kamata ya fi kowa tsoron hukuncin gaggawa. A 2005 'yan sanda suka kashe matasa shida, waɗanda har yau ake kira da sunan Apo. A Satumba 2013 jami'an tsaro suka buɗe wuta a wani kango a nan, aka kashe mutum takwas, galibi 'yan Arewa masu tuƙa Keke Napep, har Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa ta ce a biya diyyar naira miliyan 135. In masu kaki da horo sun yi irin wannan ɓarna, ina ga mai gora da bai san doka ba?

Mu da muke taƙama da digiri, aiki ya same mu. Mu riƙa zuwa taron unguwa. Mu dage a rubuta sunan kowane ɗan sintiri wurin mai unguwa da DPO. Mu fassara musu dokar da Hausa. Mu daina yaɗa bidiyon duka.

Ni dai Asabar ɗin nan zan je taron layinmu in faɗi abin da na kasa faɗa ranar Laraba. Wanda yake Apo ya zo ya raka ni, don gaskiya gabana na faɗuwa.