Mu Fito Gayya, Gaɓar Kogi Tana Zubewa

Jama'ar bakin kogin Haɗeja, daga Wudil zuwa Ringim har Auyo, ku je ku tsaya a inda gonar kakanninku ta tsaya a da. Da yawanku cikin ruwa za ku tsaya. Kowace damina kogi sai ya gutsiri gaɓa, don mun sare bauren da ke riƙe da ita mun yi girki, motocin yashi kuma sun ƙwaƙule ƙarƙashinta. Ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, haka ta sami gaɓarmu tsirara. Itace ba ya hana ruwa cika, gaskiya ne. Amma gaɓar da saiwa ta saƙe ba ta ruftawa da gonar mutum dare ɗaya.

Kuma ba sai mun jira motar gwamnati ta kawo dashe a leda ba. Wane ɗan ƙauye ne bai ga an sari reshen ceɗiya an kafa a ƙofar gida, ya zama inuwar da dattawa ke hira ba? Haka durumi, haka baure. Dashi da aguwa kuwa da su iyayenmu suka yi shinge: a sara da bazara, a bar bakin saran ya sha iska, a binne kafin ruwan farko. Jema, wadda ake saƙa zana da ita, tsaga gindinta ake yi a jera a bakin ruwa idan ƙasa ta jiƙa, saiwarta ta nutse ta ɗaure laka. Waɗannan namu ne, sun san ƙasar nan. A bar itacen turare can nesa, shan ruwansa ya yi yawa.

Mai unguwa, ka sa ranar gayya. Liman, ka faɗa bayan sallar Juma'a. Sarkin ruwa, kai ka san lungun da ruwa ya fi ci, ka shige gaba. Samari, ku zo da adda da dagi. Kada a yi wa bishiya ɗaya ƙarƙaf, a ɗauki reshe biyu ko uku a bar uwar. A kafa kai sama, gindi ƙasa, a danne ƙasa sosai. Baure da jema kusa da ruwa, dashi da aguwa can kan tudu, don ba sa son jiƙa.

Sai babban aikin: awaki. A kewaye kowane reshe da ƙaya, a zauna da makiyaya a bar musu mashaya, kowane gida kuma ya ɗauki nasa yanki ya riƙa dubawa har rani ya wuce.