Sharhi: Hanjin roba na ɗakin bincike da yaran Dakoro masu tamowa

Duk shekara, daga Yuni zuwa Satumba, idan rumbuna suka yi ƙasa kuma zazzaɓin cizon sauro ya kankama, cibiyoyin kula da yara masu tamowa a Dakoro da sauran sassan jihar Maradi kan cika. Abin da ke ci wa ma'aikatan lafiya tuwo a ƙwarya shi ne yaron da ya samu abincin magani ya murmure, amma bayan 'yan watanni uwarsa ta sake dawowa da shi.

Masana na ganin wani ɓangare na matsalar yana cikin hanji. Yaron da ya taso da gurɓataccen ruwa da yawan gudawa, hanjinsa kan kumbura, ƙananan tsirgunan da ke tsotse abinci su daƙushe, sai abinci ya wuce bai amfani jiki sosai ba. Binciken wannan lalura na da wuya, domin ba a leƙa hanjin jariri sai da dalili mai ƙarfi, kuma ɓeran gwaji bai kwaikwayonta yadda ya kamata.

Nan ne wata 'yar na'ura ta shigo. Roba ce garai-garai da ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, mai ƙananan magudanai biyu da wata siririyar fata mai ƙofofi ta raba. Ana shuka ƙwayoyin hanjin ɗan Adam a ciki, ruwan abinci na gudana a kansu, sai su yi tudu da kwari kamar a cikin jiki, maimakon su kwanta shimfiɗe a faranti. Cibiyar Wyss ta Jami'ar Harvard a Amurka, ƙarƙashin Donald Ingber, ta fitar da irinta ta huhu a 2010. A 2022 kuma ta wallafa sakamakon ta hanji: da aka cire wasu sinadarai biyu, niyasinamid da tiriftofan, daga ruwan da ke ciyar da ƙwayoyin, tsirgunan sun gajarce, bangon hanjin ya fara yoyo, shan kitse ya ragu.

Sai dai ƙwayoyin marasa lafiyar an ɗauko su ne daga yaran Pakistan. Yaron Dakoro da ya tashi da fura da kunun gero, yana shan ruwan rijiya, ba lallai hanjinsa ya ba da amsa iri ɗaya ba.

Kuma ba wai yankin baƙo ne ga bincike ba. A Madarounfa ne cibiyar Epicentre ta Maradi ta gwada rigakafin gudawa na Rotasiil a kan jarirai kimanin 3,500, sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna kariyar kusan kashi 67 cikin ɗari daga gudawa mai tsanani da ƙwayar cutar rota ke haddasawa. Irin wannan rigakafi na ɗigawa a baki ya fi aiki a ƙasashe masu arziki, kuma lalurar hanjin na cikin abubuwan da ake zargi.

Na'urar dai tana buƙatar lantarki marar yankewa, da ɗaki mai tsabta, da ƙwararru, don haka ba a asibitin Dakoro za a fara ganinta ba. Abin da ya fi kusa shi ne hukumomin lafiya na Nijar su tsaya kan sharaɗi: idan za a ɗebi samfuri daga yaran Maradi, a yi da yardar iyaye cikin harshen da suke ji, a sa masu binciken ƙasar a ciki, sakamakon kuma ya dawo gida.