Makircin Fadar Rum da na Sinnar

Kwanakin baya mun zauna da wasu malamai 'yan'uwanmu muna kallon tsohon wasan talabijin ɗin nan, I, Claudius, wanda BBC ta shirya a 1976. Labarin fadar Rum ne. A wasan, matar sarki Agusta tana bin magada da guba ɗaya bayan ɗaya don ɗanta ya hau gado. Can gaba dogarai suka kashe sarki Kaligula a shekara ta 41 Miladiyya, suka zaƙulo baffansa Kalaudiyas a bayan labule suka naɗa shi.

Wani saurayi a cikinmu ya ce, "Kai, sai Rumawa!" Muka ce masa ya leƙa Sinnar, nan kusa da Mai Wurno. A 1762 madugun yaƙi Muhammad Abu Likailik ya taso daga Kurdufan ya tuɓe sarkin Funj, Badi na Huɗu, ya ɗora ɗansa Nasir. Tun daga ranar sarauta ta zama hoto, iko na hannun waziran Hamaj, su naɗa, su tuɓe, su kashe juna. Da Isma'il Basha ya iso a 1821, ko takobi ba a zare ba aka miƙa masa garin.

Yaranmu kan haddace wannan da Larabci don jarrabawa, bayan mako guda ya bi iska. Muna neman malamin da zai rubuta mana shi wasan kwaikwayo da Hausa. Filin makaranta, rawuna da takubban katako ba za su gagare mu ba.